Cipro 500: ya yi min aiki, amma ba na kowane zazzabi ba ne

Watan jiya na sha fama da zafin fitsari, in na shiga bayi kamar an zuba min barkono, ga mara tana ciwo. Da na je asibiti likita bai rubuta komai ba sai da ya tura ni lab aka yi kalca, kwana uku ina jira ina ta mita, ashe gaskiyarsa ce. Mai lab ɗin ya nuna min farantin da suka shuka fitsarin, ƙwayar E. coli ta tsiro ta rufe ko'ina, sun ɗora ƴan takardu zagaye masu ɗauke da magunguna daban-daban, wasu ƙwayar ta tsiro har jikinsu ko gezau, amma gefen na ciprofloxacin, wato cipro, fes kamar an share. Shi aka ba ni, ɗaya safe ɗaya dare, kwana 7.

Wallahi a kwana na biyu zafin ya ragu sosai. Yadda yake aiki ma abin mamaki ne, DNA ɗin bakteriya, wato zaren da ke ɗauke da bayanan halittarta, a murɗe take kamar igiyar guga, in za ta hayayyafa akwai wani sinadari DNA gyrase da ke yanke igiyar ya sassauta murɗin ya sake ƙullawa, to cipro yana bari sai ya yanke sannan ya riƙe masa hannu, ba ƙulli, ƙwayar ta mutu. Shi ya sa ba ruwansa da mura ko maleriya, don ba bakteriya ke kawo su ba, kuɗinka kawai za ka zubar. Kamfanin Bayer na Jamus ne ya fara yin sa, Amurka ta amince da shi a 1987, kuma Trovan ɗin nan da Pfizer ta gwada kan yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996 dangin magani ɗaya ne da cipro.

Abin da ban ji daɗinsa ba, ɗacin baki da tashin zuciya in ciki ba komai, kuma sai da na haƙura da fura da nono a lokacin sha, don nono da maganin olsa irin mai alli da ƙwayar ƙarin jini suna kama shi a ciki ya ƙi shiga jini, sai ka sha shi awa 2 kafinsu ko awa 6 bayansu. Mai kemis ɗin da na saya bai faɗa min ko ɗaya ba, a takardar cikin kwali na gani, kuma wannan ya ɓata min rai. Akwai ma gargaɗin da hukumar magunguna ta Amurka ta sa tun 2008 cewa yana iya tsinka jijiyar agara, musamman ga wanda ya haura 60, don haka in Baba ko Hajiya suka ce agararsu na ciwo a dakata a koma wa likita.

Dan Allah masu sayen ƙwaya huɗu duk sanda jiki ya yi zafi su ce taifod ne, ku daina, a Pakistan tun 2016 aka samu taifod ɗin da cipro ba ya taɓa shi. Ni dai na shanye nawa har na ƙarshe, na koma aka sake gwaji farantin ya fito ba komai.