Tireloli zuwa Dawanau: a faɗaɗa titin cikin gari ko a zagaye?

Tirelar da ta taso daga kudu ta hanyar Zariya, za ta ɗauki riɗi ko wake a kasuwar Dawanau, hanya biyu ce a gabanta: ko ta ratsa Kano, ko ta bi bayan gari.

Faɗaɗa titin Katsina, wanda ake bi daga cikin gari zuwa Dawanau, yana da saurin shiga rai, domin hanyar tana nan, jama'a kuma za su gani a ƙasa. Sai dai wanda ya san Kurna da Rijiyar Lemo ya san shaguna sun matse bakin kwalta. Diyyar rusau kaɗai na iya lashe kuɗin aikin, ga masu Adaidaita Sahu da 'yan tebur da za su mamaye sabon hannun tun fenti bai bushe ba. Direban tirela zai ci gaba da ƙona gas a cunkoso.

Titin zagaye na yamma ya fi tsawo, ya fi jan lokaci, amma filin gona ya fi gidan siminti arahar diyya. Yana kuma kusa da masana'antun Challawa da tashar kaya ta tudu ta Dala da ke Zawachiki, wadda aka buɗe a 2023.

Ni zagayen na zaɓa, da sharaɗi. Titin zagaye na gabas, wajen Hotoro, tuni gidajen mai da shaguna suka maida shi titin unguwa. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, don haka sharaɗina shi ne ya ware gefen titin zagayen na yamma tun kafin dillalai su yanka fulotai.