Tallan Facebook da Instagram mai zagaye shago: inda yake aiki da inda yake cin kuɗi

Tallan Meta mai bin wurin da mutum yake, wanda ke fita a Facebook da Instagram, ya cancanci kuɗinsa ga mai shagon aski, mai gyaran waya, mai wankin mota da duk wanda cinikinsa sai an tako ƙafa an zo. Na yi aiki da shi sosai, kuma ina ba da shawararsa da sharaɗi guda: a saita shi da hannu a Ads Manager, wato shafin sarrafa talla na Meta, kada a dogara da maɓallin Boost na tallata rubutu da ke ƙarƙashin kowane rubutu. Maɓallin yana da sauƙi, amma zaɓin da yake bayarwa kaɗan ne. Ga masu iPhone kuwa akwai ƙarin nauyi, domin tun 2024 tallan Boost da aka biya ta cikin manhajar Facebook ko Instagram yana ɗauke da kashi 30 cikin ɗari na kuɗin hidimar Apple a ƙasashe da dama. In aka biya ta burauza, babu wannan ƙarin.

Abin da ya fi burge ni shi ne da'irar. Kana buɗe taswira, ka dasa alama a kan ƙofar shagonka, ka ja nisan da tallan zai kai daga kilomita 1 har zuwa 80. Idan sunan gari ka rubuta maimakon dasa alamar, mafi ƙanƙantar da'irar da za a ba ka kusan kilomita 17 ce, kuma a nan yawancin masu farawa suke asara ba su sani ba. Lissafin ba shi da wuya. Da'ira mai nisan kilomita 2 daga tsakiya tana rufe murabba'in kilomita kusan 13, mai 5 tana rufe kusan 79, mai 10 kuma 314. Duk lokacin da ka ninka nisan sau biyu, filin ya ninku sau huɗu, kuɗinka kuma yana nan yadda yake. Mutumin da ke kilomita 15 daga gare ka ba zai wuce masu aski goma ya zo wurinka ba.

Saboda haka kada ka zaɓi nisan da kintace. Tambayi kwastomomi talatin ko hamsin na baya-bayan nan daga ina suke zuwa, ka ga inda mafi yawansu suka taru. Ka kuma lura cewa da'ira ba ta san kogi ba, ba ta san layin dogo ko babbar hanyar da ba a tsallakawa ba. Wanda ke tsallaken kogi yana iya zama kilomita 1 a taswira amma tafiyar minti 40 a ƙasa. Akwai damar cire yanki daga cikin tallan, ko a dasa ƙananan da'irori biyu ko uku a kan unguwannin da ake so, kuma wannan ya fi babbar da'ira guda.

Inda ban gamsu ba shi ne yadda ake tantance wanda ke cikin da'irar. A da ana iya raba mazauna wuri da matafiya. A 2023 aka haɗe su, yanzu tallan yana zuwa wa duk wanda ke zaune a wurin ko ya ratsa kwanan nan. Shagon da ke kusa da tashar mota ko filin jirgi zai biya kuɗin nuna wa baƙin da ba za su dawo ba. Kuma wurin mutum kintace ne da ake haɗawa daga GPS na wayarsa, adireshin intanet ɗinsa da garin da ya rubuta a shafinsa. Wanda ya kashe GPS, ana iya ɗora shi a wata unguwa. Sannan a duba ƙaramin akwatin da ke ƙarƙashin wurin, mai neman izinin kai tallan ga masu sha'awar garin ko da ba sa cikinsa. Mai otal zai amfana da shi, mai wankin mota ya cire alamar.

Ƙaramar da'ira ma tana da nata ciwon. Mutanen kaɗan ne, don haka idan ka ƙara tace su da shekaru da jinsi da abin da suke so, sai tallan ya riƙa komawa kan mutum ɗaya. Akwai shafin da ke nuna matsakaicin sau nawa kowa ya gani. Idan ya haura 3 ko 4 a mako guda kuma saƙonni suna raguwa, lokacin canza hoton ya yi, ko a ɗan buɗe da'irar. Tsarin yana buƙatar sakamako kusan 50, kamar saƙonni, cikin kwana 7 kafin ya koyi waɗanda ya kamata ya nuna wa tallan ya daidaita, ƙaramin shago kuwa da wuya ya samu haka idan ya raba kuɗinsa gida huɗu. A tara kuɗin a rukunin talla ɗaya, kuma a daina taɓa saitin kullum, domin babban gyara yana mayar da koyon farko.

Game da tallan kansa, a sa sunan unguwa ko wata sananniyar alama a layin farko, tunda haruffa kusan 125 kawai ke fitowa kafin a yanke rubutun. Bidiyo na tsaye mai daƙiƙa 15 da ke nuna fuskar shagon daga titi ya fi hoton kaya da aka ƙawata, saboda mai kallo yana gane wurin da yake wucewa kullum. Maɓallin aika saƙo ta WhatsApp ya fi kawo ciniki, matuƙar akwai mai amsawa nan take. Zaɓen awannin da tallan zai fita yana yiwuwa ne kawai idan kasafin kuɗin na dukkan kwanakin ne, ba na kullum ba, kuma ya kamata a yi hakan don kada saƙo ya shigo shago yana rufe.

Babban giɓin shi ne ƙidaya. Rahoton zai nuna maka mutum nawa suka gani, nawa suka danna, amma ba zai gaya wa ƙaramin shago mutum nawa suka shigo ƙofa ba. Wannan aikinka ne. Sa wata kalma a tallan wadda mai faɗinta zai samu ɗan ragi, ajiye littafi kusa da akwatin kuɗi, a rubuta rana da abin da ya saya. Bayan kwana 14 ka raba kuɗin tallan da yawan waɗanda suka zo, ka gwada da ribar da kake samu a kan kwastoma ɗaya. Ka ɗauki makonni biyu da babu biki ko ƙarshen wata a ciki, kuma ka riƙe lissafin makonni biyun da suka gabata don ka sami abin kwatantawa.