Streetmix: na ce minti goma zan yi, sai ga ni har dare ina rabon titi

Wani abokina ne ya turo min shafin Streetmix ya ce in gwada, ni kuma na ɗauka irin wasannin nan ne na kashe lokaci. Kyauta ne, a burauza yake buɗewa ba sai ka sauke komai ba, wasu 'yan shirin Code for America, wata ƙungiyar masu fasahar kwamfuta a Amurka, ne suka ƙirƙiro shi a 2013. Yana nuna maka titi kamar an yanka shi ne kana kallon bakin yankan, gini a dama gini a hagu, kai za ka cika tsakiya, ka jawo layin mota, hanyar masu ƙafa, layin keke, layin bas, bishiya, fitila, benci, kowanne ka sa masa faɗin da kake so.

To a nan fa abin ya kama ni. Na sa titi mita 20, na jera layin mota huɗu kowanne mita 3.5, ka ga 14 sun tafi ke nan, saura 6 na raba wa masu ƙafa gefe da gefe. Ina cewa bari in ƙara layin keke da 'yan bishiyoyi sai ya nuna min da ja wai na wuce faɗin titin, babu wuri, dole sai na ƙwace daga hannun wani. Wallahi duk shekarun da na yi ina tsallaka titi da gudu ban taɓa kawowa a raina wani ne ya zauna ya yi wannan rabon ba, kuma mota ya ba kaso mafi tsoka. Na matse kowane layi zuwa mita 3, dama NACTO, ƙungiyar jami'an sufurin biranen Amurka, ta ce faɗin ƙafa 10, wato kusan mita 3, ya wadatar a cikin gari kuma layi in ya cika faɗi direba gudu yake ƙarawa, sai ga mita 2 sun fito daga babu, na ba mai keke.

Yana kuma ƙiyasta maka mutum nawa tsarin naka zai kwasa a awa ɗaya. A lissafin NACTO layin motoci na kwasar mutum 600 zuwa 1,600, hanyar masu ƙafa mai faɗi ɗaya da shi kuwa har 9,000. Sai da na sake karantawa.

Sai dai yanka ɗaya kawai yake nunawa, babu mahaɗar hanya, babu kwana, alhali a nan ne tsoho da yaro ɗan makaranta suka fi shan wuya wajen tsallakawa. Kuma ba zai maye gurbin injiniya ba, zane ne na fara magana. A kwamfuta ya fi daɗin ja da ajiyewa. Na tura wa abokin nawa zanena, ya dawo min da shi ya cire bishiyoyin ya sa wurin fakin, har yanzu muna musu.