Kujerar koyon zama ta jarirai: a ara ta, kar a kashe mata kuɗi

Idan tambayar ita ce ko kujerar nan mai laushi da ake cusa jarirai a ciki tana koya wa yaro zama, amsata a'a ce. Tana da amfani a gida, ban musa ba, amma na ɗan lokaci ne ƙalilan, kuma uwa ce ke cin moriyarsa fiye da yaron. Na sayi ɗaya a nan Maradi sa'ad da ɗiyata ta biyu ta shiga wata na biyar, kuma tun da ƙawaye suka ga hotonta a WhatsApp suke ta damuna da tambaya ko su ma su saya. Gara in amsa wa kowa gaba ɗaya.

Ga wadda ba ta taɓa ganinta ba, dunƙulen roba ne mai taushi, da rami mai zurfi inda yaro zai zauna. Bayanta ya taso ya rungume ƙugu, a gaba kuma akwai tudu tsakanin cinyoyi da kafofi biyu na fitar da ƙafafu. Akwai wata iri ta auduga da ake ɗinkawa da fuskar dabba, ita ta fi yawa a shagunan kayan jarirai kuma ta fi araha. Tawa ta roba ce, da ɗan faranti a gaba da ake cirewa, ba sunan kamfani ko ɗaya a jikinta. Jika 12 na biya bayan dogon ciniki. Mai shagon ya ce daga Kano ta shigo ta hanyar Jibiya da Ɗan Issa, ya kuma ƙara da cewa, "Hajiya, ki ba ta wata guda, za ki ga yarinya ta zauna daram." Ɗan kasuwa ai ba ya kushe hajarsa.

Bari in fara ba ta haƙƙinta. Da safe, lokacin da nake dama kunu ina kuma shirya yayarta zuwa lekol, samun wurin da zan aje yarinya ta zauna tana kallona ba ƙaramin sauƙi ba ne. Jaririn da ya gaji da kwanciya rigingine yana kallon rufin ɗaki, in ka ɗaga shi ya ga tsakar gida da kaji da mutane, sai ka ga ya saki jiki yana ta ɓangala dariya. Wanke ta ma ba wuya, ruwa da sabulu sai tsumma. Da ta cika wata shida muka fara ba ta kunun gero mai gyaɗa, a cikinta nake zaunar da ita in ba ta da cokali, ya fi mini riƙe ta a cinya tana tuttula mini kunu a zane. A nan ne kawai na ji kuɗina bai tafi a banza ba.

To amma ki tsuguna ki dubi yaron da kyau daga gefe, ba daga gaba inda ake ɗaukar hoto ba. Ɗuwawun ɗiyata ya nutse ƙasa, gwiwoyi sun ɗaga sama da ƙugu, bayan ya lanƙwashe kamar lauje. Da farko kan yana tsaye. Kafin in gama tace kunu sai in ga ya fara karkata gefe ɗaya, haɓa ta sauko kan ƙirji, tana ƴan gurnani. Ba zama take yi ba, an dafe ta ne ta kowane gefe. Hannayenta ba su kai ƙasa, ballantana ta dogara da su. In abin wasa ya faɗi, ba ta iya miƙa jiki ta ɗauko, sai kuka.

Ranar awo na nuna wa ma'aikaciyar jinya hoton a salula. Ta yi murmushi ta ce, "Maman yara, kujera ce ke zaune, ba ɗiyarki ba." Bayanin da ta yi mini ya zauna mini a kai. Yaro yana koyon zama ne da tangaɗi. Ya dafa ƙasa da hannu biyu tsakanin ƙafafunsa, ya karkata hagu ya dawo, ya ɗaga hannu ɗaya ya ga zai faɗi ya mayar, wani lokaci ya kife gaba ɗaya. A cikin wannan faɗi-tashin ne naman baya da na ciki da na wuya ke ƙarfi, jiki kuma ya gane inda tsakiyarsa take. Kujerar ta ɗauke masa duk wannan aikin. Ta ce in ina son ta yi saurin zama, in yawaita kifa ta a kan cikinta tana farke, ina kusa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2019, ta ce jaririn da bai fara rarrafe ba ya samu aƙalla minti 30 na irin wannan kifawar a yini, a rarrabe, kuma kada a bar shi a ɗaure wuri ɗaya fiye da awa guda a jere. Abin da ya ba ni dariya, har goyo sun lissafa cikin ɗaurewar. Wannan kam sai su zo Maradi su faɗa wa mai surfe.

Uwar mijina, da muke ce wa Inna, tun ranar farko ba ta yi na'am da kujerar ba. Ta juya ta gaba da baya ta ce, "Wanga abu mi na na? Ɗiyata, ba ku da baho a gidan nan?" Ita tata dabarar kowa ya san ta. Ta shimfiɗa tsohon zane a cikin baho mai faɗi, ta naɗe wasu zannuwan ta kewaye yarinya da su, ko kuma ta miƙe ƙafafu a kan tabarma ta zaunar da ita a tsakani, bayanta na ɗan taɓa cikin Inna. Da na lura sai na ga bambancin. A tsakanin ƙafafun Inna ɗuwawun yarinya a kan ƙasa mai tauri yake, ƙafafunta a buɗe, hannayenta suna dafe da tabarma. Inna na sakin ta kaɗan-kaɗan, in ta tafi luu sai ta tare ta da tafin hannu ta mayar. Kujera ba ta san sassautawa ba, yadda ta riƙe yaro yau haka za ta riƙe shi gobe.

Kuma wannan ba zancen tsofaffi kawai ba ne. Wani bincike da aka wallafa a 2015 ya bi jarirai ƴan wata biyar a gidajensu a ƙasashe shida: Ajantina, Kamaru, Italiya, Kenya, Koriya ta Kudu da Amurka. A Kamaru kusan dukansu suna zama da kansu, a Kenya fiye da rabi, a Italiya kuwa ko ɗaya babu. Yaran Kamaru da Kenya a ƙasa da kan kujerun manya ake zaunar da su, na ƙasashen da suka fi kuɗi kuwa sun fi daɗewa cikin kayan zaman jarirai. Wato mu da muke da tabarma da kaka a gida, mu ne muke biyan kuɗi mu sayo abin da bai sa yaran masu shi saurin zama ba.

Ni dai na san abin da ke tura mu shago. Gorin unguwa ne. A gidan suna wata za ta ɗaga ɗanki ta ce, "Af, har yanzu bai zauna ba? Na wance wata huɗu ya zauna." Sai ki koma gida da zullumi. Alhali binciken Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006, wanda aka yi a kan yara a Gana, Indiya, Norway, Oman da Amurka, ya nuna lafiyayyen yaro na iya fara zama ba tallafi tun daga dab da wata huɗu har zuwa ɗan sama da wata tara. Tazarar tana da faɗi sosai. Wanda ya wuce wata tara bai zauna ba, ko wanda wuyansa bai tsaya ba a wata huɗu, likita za a kai shi a duba, kujera ba maganinsa ba ce.

Maganar haɗari ita ce ba na son a ɗauke ta da wasa. Wadda ta fi suna cikin irin waɗannan kujeru ita ce Bumbo, ƴar Afirka ta Kudu. A Amurka, hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta sa an yi kiranyen kusan miliyan 1 a 2007 don a ƙara gargaɗin kada a ɗora ta a wuri mai tudu, sannan a 2012 aka sake kiranyen kusan miliyan 4 don a sa mata bel, bayan rahotannin jarirai da suka faɗo, wasu har ƙashin kansu ya tsage. Wannan fa mai suna ke nan, wadda hukuma ke bibiya. Tawa marar suna ko bel ba ta zo da shi ba. Kuma daɓen gidajenmu siminti ne da karo, wato tayil. Ga jarabar ɗora ta a kan tebur ko dakali don kaji da awaki, ga yayye ƴan shekara biyar da ke son ɗaukar ƙanwa da kujerarta gaba ɗaya. Na ga yadda abin ke faruwa da idona: ɗiyata ta turje ƙafa ɗaya, ta bankare baya, sai ga ta ta sulluɓo ta gefe. A kan tabarma muke, ina zaune dab da ita, ko kuka ba ta yi ba. Da a kan gado ne da labarin ya sha bamban. Kada kuma a kai ta wurin wanka, kada a bar yaro ya yi barci a ciki.

Sai zafi. Duk wanda ya ƙera ta bai san bazarar Maradi ba. A watan Afrilu da Mayu, rana ta haura digiri 40, kuran ya ɗauke, roba ba ta shan zufa. Kina ciro yarinya za ki ga bayanta sharkaf, ƙurajen zafi sun feso a matse-matsin cinya. Na koma shimfiɗa ɗan ƙyalle a ciki, shi kuma ya riƙa tattarewa. Ta audugar ta fi dama ta nan, sai dai ita kuma fitsari ɗaya ya isa ta kwana a shanya, kuma ba ta da nauyin da zai hana ta kifewa.

Ƙarshenta ma ba ta daɗe ba. Ɗiyata mai cinya ce, ma sha Allah, tun kafin ta cika wata bakwai kafofin suka fara matse ta, in na ciro ta sai kujerar ta biyo ta sama, ga jan shaida a cinyoyi. A daidai lokacin kuma ta fara zama da kanta a tabarma, ta tsani duk abin da zai hana ta miƙa hannu ta wawuro marfin tukunya. Jika 12 ke nan a kan abin da bai yi wata uku yana aiki ba.

Wadda zan ce ta nema ita ce mai tagwaye, ko wadda take ita kaɗai a gida ba kaka ba mai tayawa, kuma ko ita ta fara tambaya cikin dangi kafin ta je kasuwa, don irin wannan kaya ba ya tsufa, yaro ne ke fin ƙarfinsa. In sayen ya zama dole, ta nemi mai bel, mai gindi mai faɗi, ta gwada cinyar yaron a shagon kafin ta biya, kuma sai wuyansa ya tsaya sosai. A ƙasa kawai, minti goma zuwa sha biyar, idonta a kansa. Tawa yanzu tana gidan ƙanwar mijina a unguwar Zariya, na ba ta aro da sharaɗin kada ta taɓa hawa tebur, kuma akwai mutum biyu da suka riga suka kama layi bayanta.