Sharhi: 'yar na'urar OBD da ke nuna shan man mota a waya

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, duk mai mota a ƙasar nan ya koma ɗan lissafi. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta taɓa dubu a wurare da yawa. Ni tsohuwar Corolla nake hawa, fitowar Amurka, ba ta da allon da ke nuna yawan man da take sha. Allurar tanki ce kawai, ita kuwa sai ta daɗe a sama, da ta wuce rabi sai ta gangaro da gudu. Wannan ne ya sa na sayi na'urar OBD, wadda ke karanta bayanan kwamfutar mota ta aika wa waya.

Ba ta fi kwalin ashana girma ba. A ƙarƙashin sitiyari, wajen gwiwar direba, akwai wani soket mai ƙofofi 16, wanda makanikai ke jona kwamfutarsu a ciki. Nan ake cusa ta, sai ta haɗu da waya ta Bluetooth, ka sauke manhaja ka buɗe. Motocin da aka ƙera domin Amurka daga 1996 duk suna da wannan soket, na Turai masu fetur kuma daga wajen 2001. Kuɗinta bai kai na rabin tanki ba.

Inda ta fi burge ni shi ne lokacin da mota take tsaye. A cunkoson Kano da yamma, inji na aiki, esi a kunne, ban matsa ko taku ɗaya ba, amma ga waya tana nuna kusan lita guda a awa. Da idona nake kallon lambar tana ɗagawa duk lokacin da kwamfuresar esi ta kama, ta sauka in ta saki. Haka in na taka totur da ƙarfi daga danja, lambar kan yi tsalle ta ninka, in na ɗaga ƙafa a gangara ta faɗo kusan sifili. Jiran yara a ƙofar makaranta da inji a kunne, da ɗumama mota da safe na tsawon lokaci, duk na daina su. A doguwar hanya tana shan wajen lita 7 a kilomita 100, cikin gari kuwa 10 ne zuwa 11.

Sai dai a sani, na'urar ba man take aunawa ba. Iskar da ke shiga inji take karantawa daga sensa, sannan manhajar ta yi ƙiyasi, bisa ƙa'idar cewa fetur kashi 1 yana buƙatar iska kashi 14.7 a nauyi. In sensar ta sha ƙura, kuma hunturunmu ba ya raga mata, lissafin zai karkace. Da na nuna wa bakanikena, ya ce, "Yallaɓai, a fara wanke sensa a canza filtar iska, sannan ka yarda da waya." Gaskiyarsa. Bayan haka ma sai da na gwada ta da tsohuwar hanya: cika tanki har famfo ya tsaya, rubuta lambar tafiya, in an sake cikawa a raba litocin da kilomitocin a ninka da 100. Lita 40 a kilomita 400, lita 10 ke nan a kowane 100. Manhajar tana ɗan rage min, amma tana da wurin gyara, na daidaita ta.

Akwai abubuwan da suka ba ni haushi. Manhajar da Turanci zalla take, kuma da mil da galan ɗin Amurka ta zo, mai lita 3.8, ba na 'yan bumburutu mai lita 4 ba. Sai ka shiga saiti ka mayar da ita lita da kilomita, ka sa girman injinka da farashin mai na yau. Bluetooth ɗin yakan yanke, tafiyar ta ɓace. Kuma na'urar tana jan wuta ko mota a kashe take, don haka in motar za ta kwana biyu a ajiye, a cire na'urar, batirinmu ba duka ke da ƙarfi ba. Kuɗin da take nunawa na mai ne kaɗai. Baƙin mai, taya, birki, sabunta takardu, waɗannan sai ka rubuta da kanka, in ba haka ba za ka ɗauka motar ta fi arha fiye da yadda take.

Shafin hayaƙi na manhajar shi na fi daɗewa ina kallo. Kowace litar fetur tana fitar da kimanin kilo 2.3 na iskar kabon dayoksaid, dizal kuma wajen 2.7. Lita ɗaya ta fetur ba ta kai kilo ɗaya ba, amma kabon ɗin da ke cikinta yana haɗuwa da iskar oksijin yayin ƙonewa, nauyin ya ninka. Kano zuwa Kaduna, wajen kilomita 230, lita 16 ke nan a motata, kimanin kilo 37 na iskar da ke ƙara ɗumamar yanayi. Ga wanda ya san zafin Afrilu a Arewa da yadda hamada ke matsowa, wannan lamba ba abin wasa ba ce. Amma ba ta ƙirga hayaƙi mai guba da ke shiga huhun ɗan acaɓan da ke bayanka. Motar da aka cire wa tukunyar tace hayaƙi daga salansa aka sayar, manhaja za ta nuna mata kabon iri ɗaya da mai lafiya.

Ina ba da shawarar a saya, musamman direbobin haya da ke yanke wa fasinja kuɗi da ka. Kafin ka biya, ka leƙa ƙarƙashin sitiyari ka tabbatar da soket ɗin, ka kuma sa mai shago ya jona ta a motarka ka ga lambobi suna motsi, domin jabu sun yi yawa a kasuwa.