Macbeth mai bayani a gefe: ya biya ni, amma akwai inda ya ɓata min rai

Sau biyu ina ɗaukar Macbeth, wasan kwaikwayon Shakespeare, ina ajiyewa, don Turancin Shakespeare wani irin abu ne, kalmomin duk ka san su amma in aka haɗa su sai ka rasa ina aka dosa. Da na ci karo da wannan bugun mai wasan a shafin dama, bayani a shafin hagu, sai na ce bari dai in sake gwadawa, kuma wallahi wannan karon har ƙarshe na kai.

Inda ya fi burge ni maganar ruwa ce. A kashi na 2, bayan Macbeth ya kashe Sarki Duncan, yana kallon hannunsa yana cewa ko teku gaba ɗaya ba zai wanke jinin nan ba, sai dai hannun ya rine tekun ya koma ja, matarsa kuwa ta ce haba, ɗan ruwa kaɗan ya ishe mu. To a kashi na 5 ita ce ke yawo cikin barci tana murza hannu tana cewa duk turaren ƙasar Larabawa ba zai kashe warin jinin ba. Da ni kaɗai ne ba zan haɗa su ba, mai sharhin ne ya ce koma shafi kaza ka duba, na koma, sai da tsigar jikina ta tashi.

Gabatarwar ma ba laifi, a taƙaice take. An rubuta wasan wajen 1606 zamanin Sarki James, ɗan Sikotilan da ya hau gadon Ingila a 1603, mutumin da har littafi ya rubuta kan mayu a 1597, kun ga dalilin mayu ukun da ke cikin wasan ke nan. Ba a buga shi ba sai 1623, shekara bakwai bayan rasuwar marubucin.

Yanzu ga haushina. Lokacin da aka sanar da Macbeth matarsa ta mutu, maganar farko da ta fito daga bakinsa harshen damo ce, tana iya nufin ai dama ko ba yau ba za ta mutu, tana kuma iya nufin da ma ta jira sai gaba, lokacin da zai samu sararin yi mata kuka. Na farko mutum ne da zuciyarsa ta bushe, na biyu miji ne da yaƙi ya hana shi makoki, kuma wanda ka ɗauka shi zai canja maka yadda za ka ji abin da ya biyo baya, inda yake cewa rayuwa inuwa ce mai tafiya, labarin da wawa ya bayar, hayaniya ba ma'ana. Amma mai sharhin ya zaɓi ta farko ya rufe baki kamar babu wata.

Sannan ya iya ɓata labari, tun a kashi na 4 da aka ce wa Macbeth babu wanda mace ta haifa da zai iya cutar da shi, bayanin gefe ya riga ya tona cewa abokin gabansa Macduff farke cikin uwarsa aka yi aka ciro shi. Haba malam, ka bar mutum ya isa wurin mana!

Rubutun bayanin ƙanana ne sosai, da dare sai da na ƙara da fitilar waya. Duk da haka ɗalibi ya saya, tauraro huɗu na ba shi, kawai in kun zo kashi na 4 ku sa hannu ku rufe shafin hagu.