Jika 350 sun tafi da muryar ƙanena: masu 'yan'uwa a Libiya ku karanta

Jama'ar Tawa, yau kwana huɗu ban yi barcin kirki ba. Jika 350. Sefa 350,000, 'yan damfara suka cinye mini ta salula. Kuɗin albasar da zan ɗauko a Galmi ne, kuma rabi ba nawa ba ne, na abokin cinikina ne, har yanzu ban iya kallon idonsa ba.

Kafin wani ya ce wauta na yi, ya tsaya ya ji. Shekara 18 ina kasuwa. Ni ne ke yi wa yara faɗa kan masu kira su ce ka ci tombola, turo kuɗin karɓa. Ba a taɓa cin sisina ta salula ba. Amma wannan muryar autanmu ce. Wallahi muryarsa ce, har da yadda yake jan "Yaaya" in yana son wani abu. Lambar kuma da +218 ta fara, ta Libiya, inda yake bida shekara biyu ke nan, a Sabha. To mi zan yi tunani?

Talata ce bayan la'asar, bokal, wato saƙon murya, ya shigo WhatsApp, bai kai rabin minti ba. Kuka yake: "Yaya sun kama ni, ina gidan bashi, don Allah kar ka faɗa wa Inna." Wane ɗan Adar ne bai san gidan bashi ba? Mun ga waɗanda suka dawo da tabon duka a baya, mun san gidajen da suka saida gona suka fanshi ɗa. Ba tatsuniya suka zo mini da ita ba, abin da muke tsoro dare da rana suka ɗauko. Sai wani ya kira, Hausarsa da gargada kamar ta Balarabe, ya ce kafin magariba ko kuɗi ko gawa.

Jika 200 na fara turawa. A'a, tsaya, kafin nan na kira ainihin lambar Auta sau uku, ba ta shiga. Ku rubuta wannan, na kira. Ashe yana wurin aikin gini ne inda babu rezo, kuma na tabbata sun san haka. Suka ba ni sunan wani a Agadas, wai shi ne ɗan kamashonsu. Yaron da ke gidan aika kuɗi har ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, ka san mai karɓa?" Na ce ɗan'uwana ne. Ni da bakina. Wannan maganar ita ke hana ni barci. Na ɗauki hoton resi da kod ɗin na tura musu da hannuna.

Jika 150 na biyu da dare ne, wai kuɗin motar da za ta fito da shi. Ko da safe ne? A'a, da dare, don ban ci tuwo ba. 200 da 150. 350.

"Kar ka faɗa wa Inna." Nan suka ci ni. Na ɗauka tausayin tsohuwa ne, tana da hawan jini. Laraba da hantsi Auta ya kira ta lafiya lau yana tambayar ko an sayi ragon suna. Da na zayyana mata, tsohuwar da ba ta taɓa shiga lakkol ba, ce mini ta yi, "Ba ka tambaye shi sunan da kakarku ke kiransa ba?" Na rasa ta cewa. Tambaya guda da ta tsirar da jika 350, ni mai shekara 18 a kasuwa ban yi ta ba.

Mai gyara mini salula ya ce yanzu akwai manhajar kwamfuta da in ta ji muryar mutum ta 'yan daƙiƙu sai ta kwaikwaye ta, ta faɗi abin da aka rubuta mata. Auta kuwa kullum cikin zuba bokal yake a gurup ɗin 'yan garinmu, mutum sama da 200, wasu ba mu ma san wa ya saka su ba. Sunan Inna, sunan unguwa, ranar da zan tafi Galmi, duk a can muka baza su.

Na je kamisariya na kai ƙara, akwai dokar 2019 kan laifin intanet, an karɓi lambobin. Kuɗin dai an cire su tun daren.

Ku zaɓi kalma guda a gidanku, wadda bare bai sani ba. Baki da baki, ba a gurup ba, ba sunan gari ko ranar haihuwa ba. Duk wanda ya kira da kuka, ko muryar uwarka ce, ya faɗe ta ko ka kashe salula. Mu mun zaɓi tamu jiya, bayan ɓarawo ya tsallake katanga.

Resi biyu da bokal ɗin suna nan, zan sako hotunansu in wuta ta dawo, batirina ya kusa mutuwa. Na sake sauraron bokal ɗin ɗazu, karo na nawa ban sani ba. Har yanzu kunnena cewa yake Auta ne. Gobe da safe abokin cinikina mai jika 175 zai zo shago.